Wanda Zai Wanke Ni Ya Riga Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau labari ya same ni. Allah ya yi wa Malam Nasiru rasuwa.

Ina zaune a zaure da kofin koko, ko kurɓa ban yi ba, Lawal mai keke napep ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi. Da na ga gaisuwar ta yi tsawo, na ce masa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya ce, "Baba Hedimasta, sai haƙuri. Malam ya cika bayan asuba."

Na ce wane Malam, alhali na sani. Mutum ɗaya Lawal ke kira Malam ba tare da ya haɗa da suna ba.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ban ma ji ya kwanta ba. Ashe shi ya hana a gaya mini, wai kada in ce zan kama hanyar Ƙarfi da wannan ƙafa tawa.

Ba mu daɗe da dawowa daga maƙabarta ba. Da ɗan yatsa ɗaya nake wannan rubutu, shi ma rawa yake yi, don haka ku yi haƙuri da ni. Akwai abin da nake so ku sani game da shi, akwai kuma abin da nake so ku zama shaidu a kai.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Nasiru malamin sakandare ne a nan Malumfashi, gidansu kuma yana Ƙarfi. A takarda, aikin gona aka ɗauke shi ya koyar. Amma ka tare duk wanda ya bi ta hannunsa ka tambaye shi, da darasin Laraba zai fara ba ka labari.

Ranar Laraba in an tashi, yakan tara 'yan manyan aji a inuwar wata bishiyar bedi da ke bayan ɗakunan karatu. Babu allo, babu jarrabawa. Yau facin tayar babur, gobe ɗinka maɓalli, wani makon yanka kaza da gyara ta. Ya koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama yaro, da yadda ake ajiye wake ya shekara ba a zuba masa guba ba, da abin da za a yi wa wanda maciji ya sara a gona kafin a kai shi asibiti. Maza ya sa su tuƙa tuwo har ya daina gudaji. Mata ya miƙa musu sukundireba su gyara soket.

Yakan ce takardar sakamako tana da kyau, amma ba ta ɗaure rauni.

Ni tsohon hedimastan firamare ne. Mun yi karatu zamanin da kowace makaranta ke da gonarta da ɗakin aikin hannu, zamanin da sai ka tufka igiyar rama malami ya ja ta bai tsinka ba kafin ka tafi gida. Na yi ritaya tuntuni. Matata Indo ta riga mu gidan gaskiya. 'Yata tana aure a Kaduna, ɗana yana Legas, suna kira, Allah ya yi musu albarka. Amma gidan nan daga ni sai kaji.

A ƙauyukan da aka yi ta tura ni aiki, hedimasta shi ne komai. A wani ƙauye wajen Dandume wani dattijon liman ya koya mini wankan gawa, don ya ce idonsa ya fara rauni. Da na dawo gida, duk rasuwar namiji a unguwarmu ni ake aiko wa. Sa'o'ina, waɗanda muka yi elemantare tare, ɗaya bayan ɗaya ni na wanke su.

Sai wata rana na duba hagu da dama, na ga babu sauran wanda zai wanke ni.

Ba mutuwa nake tsoro ba. Wanda ya kai shekaruna ya gama ciniki da ita. Abin da ke damuna shi ne a bar ni kwance a ɗaki rana tana yi, ana ta buga waya ana neman mai yi. Ko a samo wanda zai zo ya watsa mini ruwa da gaggawa kamar yana wanke mota a bakin tasha. Ban taɓa gaya wa 'ya'yana wannan ba. Me za su yi daga can?

Malam Nasiru na fara saninsa a wajen rasuwar wani maƙwabcina. Ya zo jana'iza da wuri, aka rasa mai zuba mini ruwa, ya naɗe hannun riga ya shigo. Ya ga yadda hannuna ke rawa. 

Washegari sai ga shi a zaurena. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, wa ka koya wa aikin nan?"

Na ce babu wanda ya taɓa tambaya.

Ya ce, "To ga shi na tambaya."

Ya yi ta zuwa har ya iya. Hannunsa mai sanyi ne, ba ya gaggawa. Ina murna na samu magaji, sai ya zo mini da wata sabuwa, wai in zo makaranta ranar Laraba in koya wa yaransa.

Na ƙi. Na ce a wajenmu wannan aikin dattawa ne. Mu da muna yara ko leƙen ɗakin gawa ka yi sai ka sha tsumagiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai dattawan ba da furfura suke faɗowa daga sama ba, kuma wanda bai koya da baƙin gashi ba, in ya yi fari ma bai iya ba, kunyar tambaya ce kawai za ta ƙaru masa. Na ce yara ba su da riƙon sirri. Ya ce to shi ma riƙon sirrin sai a koya musu.

Ranar Laraba ya zo da babur ya ɗauke ni. Tun daga ranar haka muke. Yana tuƙi a hankali har masu keken ƙafa suna wuce mu, yana ce mini kada in damu, ba mai fara darasi sai mun iso.

Ranar farko na iske ya cusa ƙaiƙayi a buhuna ya ɗinke, ya yi masa kai da hannuwa da ƙafafu, ya sa masa tsohuwar riga. Yaran suka raɗa masa suna Alhaji Buhu. Bawan Allahn nan ya mutu ya fi a ƙirga. Wani yaro ma ya taɓa tambayar Malam Nasiru ko marigayin ya bar gado, ya ce ya bar ƙaiƙayi, ya zo ya ɗebi rabonsa.

Yakan bari su yi dariyarsu ta ƙare tas. Amma da zarar an shimfiɗa Alhaji Buhu an lulluɓe shi da zane, sai fuskarsa ta canza, wurin ya yi tsit.

Na nuna musu yadda ake suturta mamaci kafin a cire masa tufa, da yadda ake juya shi kamar mai barcin da ba a so ya farka. A yi masa alwala, a fara da dama, ruwan ganyen magarya, kafur a na ƙarshe. Na nuna musu awo da karan dawa, wanda ake aika wa masu haƙa da mai yanka likkafani. Ya kai su bayan gonar makaranta suka haƙa rami suka fitar da ƙaramin ramin ciki, suka jera itace suka liƙe da laka. 'Yan mata kuma ya samo musu wata dattijuwa, suka shiga aji suka rufe ƙofa, ko shi bai leƙa ba.

Ba a rasa surutu ba. A taron iyayen yara wani mutum ya miƙe ya ce sun kawo 'ya'yansu su zama likitoci, an mayar musu da su masu wankan gawa, ko fatan mutuwa ake yi musu ne? Wasu suka goyi bayansa. Malam Nasiru bai ɗaga murya ba. Ya ce darasin ba dole ba ne, wanda ba ya so ɗansa ya zauna ya faɗa, ba zai rage masa maki ba, tun da ma babu maki a ciki. Sannan ya ce shi dai ya san duk wanda ke ɗakin nan wata rana wani zai juya shi, kuma ya fi son ya zama wanda ya san yadda ake yi.

Mutumin ya janye ɗansa. Wasu ma suka janye. Saura suka zauna, kuma shekara bayan shekara sababbi suna zuwa.

A wajen shekara ta biyu na yi masa wasiyya. Mun dawo daga makaranta, ya zaunar da ni a kan tabarma yana yanke mini farcen ƙafa, don na daina iya sunkuyawa, kuma shi kaɗai ya lura. Na ce masa in ta Allah ta kasance, shi nake so ya wanke ni, ba wani ba. Na ce ya riƙe wannan amana.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na karɓa, Baba. In ka riga ni."

Na ce kai tafi can, da me za ka riga ni, ko furfurar kirki ba ka da ita. Muka yi dariya.

Daga ranar na samu barci. Wallahi na samu barci.

Shi ya buɗe mini wannan shafi na sada zumunta a waya, ya ce in riƙa ganin mutane ko ba su zo ba. Shi ya hau kan ɗakina da damina ya liƙe inda ke yoyo. In matarsa ta yi ɗanwake sai ya taho mini da shi a kwanon sha, ya zauna sai ya ga na ci, wai ya san halina, kaji zan ba.

Ganinmu na ƙarshe Larabar da ta gabaci wadda ta wuce ne. Darasin ajiyar wake aka yi, tun da kaka ta yi. Da ya sauke ni ya shiga ya ja mini ruwa ya cika randa, ya duba igiyar guga ya ga ta fara cinyewa. Ya ce, "Baba, kada ka ja ruwa da wannan sai na kawo sabuwa. In ta tsinke, ba gugan nake ji ba." Ya hau babur, ya ɗaga mini hannu. Larabar da ta biyo ya aiko cewa wani uzuri ya taso. Uzurin ke nan.

Yau da Lawal ya kai ni Ƙarfi, mun iske ƙofar gida cike. Mutane sun baro gonaki da ƙura a ƙafafunsu. Alhaji Garba, ƙanen mahaifin marigayin, shi ne babba a gidan yanzu. Na same shi a tsaye da waya a kunne. Mai wankan unguwarsu yana kwance a asibiti a Funtua. Ɗayan dattijon da ke taimaka masa ya yi sammakon kasuwa, wayarsa ba ta shiga. Rana tana ɗagawa.

Da Alhaji Garba ya gan ni sai ya sauke wayar ya ce alhamdulillahi, ga Hedimasta ya iso, a kawo ruwa.

Na miƙa masa hannuwana biyu ya gani. Ko buta ba na iya riƙewa ta tsaya. Mutumin da ya yanke mini farce, ga shi kwance, ni kuwa ba zan iya ɗaga masa hannu ɗaya ba. Ban taɓa jin tsufa irin na wannan lokacin ba.

Sai Lawal ya matso ya durƙusa. Tare da shi akwai Bishir tela, wanda suka gama sakandare shekara ɗaya, su ne 'yan farko da suka zauna a darasin. Yanzu duk magidanta ne, amma a idon dattawa har gobe yara ne. Lawal ya ce in an ba su izini, za su yi.

Alhaji Garba ya dube su, ya girgiza kai. Ya ce ba raini ba ne, amma wannan ba aikin yara ba ne. Ya ce yaran yanzu in haɗari ya faru a hanya, kafin su ɗaga mutum sun ɗauki hotonsa. Ɗan wansa ne, ba zai bari a tona masa asiri ba. Gara a jira.

Ban ga laifinsa ba. Maganar da ni ma na taɓa yi ce.

Lawal bai yi musu ba. Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya kashe, ya ɗora a tafin hannun Alhaji Garba. Bishir ma haka. Lawal ya ce, "Baba, doka ta farko da Malam ya kafa mana ke nan. Waya ba ta shiga, kuma abin da ido ya gani a ciki, a ciki yake kwana."

Alhaji Garba ya juyo gare ni. Ya ce, "Hedimasta, ka tsaya musu?"

Na ce na tsaya musu, duniya da lahira. Na ce ni zan zauna a ciki, in suka kauce ko da kaɗan zan tsayar da su.

Aka sa mini kujera 'yar tsugunno a gefen ɗakin. Kafin a ce a nemo magarya, sai ga ta an miƙo daga cikin gida, an daka an tace, har da kafur a ƙulle. Wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aure a garin ce ta haɗa tun da ta ji labari. Bishir ya karyo kara ya yi awo, ya miƙa waje. Ashe wasu daga cikinsu tuni suna maƙabarta da diga da shebur, awon kawai suke jira.

Abin da ya gudana a ɗakin amana ne, ba zan faɗa ba. Abu ɗaya zan ce: na shiga da niyyar gyara, har aka gama ban buɗe baki ba sai da addu'a. Hawaye yana zuba a fuskar Lawal amma hannunsa bai yi rawa ba. Suna juya shi suna ce masa sannu Malam, a hankali, kamar yana ji.

Bishir ya ɗinka likkafanin da hannunsa. Kafin azahar an sallace shi. Ramin ya yi daidai, ba a ƙara ba a rage ba.

Da aka gama addu'a, Alhaji Garba ya nemi su biyun ya mayar musu da wayoyinsu. Ya riƙe hannun Lawal ya daɗe bai saki ba. Abin da ya iya cewa kawai, Allah ya yi muku albarka.

Muna hanyar dawowa, har mun kusa shiga gari. Na ce wa Lawal ya tsaya a gefen titi. Ya ɗauka jiri ne ya kama ni. Na gaya masa wasiyyar da na yi wa malaminsu, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce yanzu ga ni, ga shi ya tafi.

Ya share ido da hularsa. Ya ce, "Baba Hedimasta, ai mun sani. Tun tuni ya tara mu ya gaya mana. Ya ce in ba ya nan, kai namu ne. Kuma ba ni kaɗai ba. In na yi nisa da fasinja akwai Bishir, in Bishir ba ya nan akwai wasu, har a Funtua muna da mutane."

Na ce to ai shi ke nan.

Ya tayar da keken, ya waiwayo ya ce, "Amma Baba, ka yi mana a hankali. Yau ɗin nan ta ishe mu tukuna."

Na yi dariya a ranar da ban zaci zan yi ba.

Don haka ga abin da nake so ku shaida, ku da kuke karanta wannan, musamman 'yan unguwarmu da 'ya'yana da na san za su gani. Ina cikin hankalina nake rubutawa. Ranar da tawa ta zo, kada a tsaya buga waya ana neman dattijo. A kira Lawal mai keke da Bishir tela. In ba su nan, a kira duk wanda ya zauna a darasin Malam Nasiru. Kada kowa ya tare su a ƙofa ya ce yara ne. Na ga aikinsu da idona, kuma na yarda su juya ni.

Hankalina a kwance yake.

Ya Allah, ga bawanka Nasiru ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya koya wa 'ya'yan mutane suturta bayinka, ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa. Duk hannun da ya koyar, ka sa ladan aikinsa ya riƙa isa gare shi. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da Alhaji Garba haƙuri, ka raya abin da ya bari, ka tsaya musu yadda ya tsaya wa wanda ba shi da kowa a kusa.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙonku, ko ba ku san shi ba, kada ku wuce haka. Ku tsaya ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunansa a sujadarku ta magariba. In kun gama da shi, ku saka wannan tsoho a ciki.

Allah ya jiƙan Malam Nasiru. Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.